Neman Laftof Mai Gani Cikin Duhu

Na kai shekarun da ya kamata a ce ina ƙofar gida ina jan carbi, sai ga ni bara a Sakkwato ina shiga shagunan 'yan kwamfuta ina fita, ɗiyata a gaba ina biye, muna neman laftof ta gyaran hoto. Ba sana'a zan koma ba, wannan ta daɗe da mutuwa ta bar ni. Hoto ɗaya tak nake so in gyara. Sai na faɗi yadda aka ɗauke shi kafin a gane abin da ya sa tsoho ya yini yana ɓata wa samari rai a shagunansu.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ni ne mai hoto a bakin tashar Illela. Ban ce ni kaɗai ba, amma ni ne mai ɗakin duhu, sauran masu akwatin katako ne a gindin itace, suna cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Shagona ciki biyu ne. Na gaba yana da labule mai zanen gidan sama, inda mutanen ƙauyukan Araba da Gidan Katta ke tsayawa ranar kasuwa riƙe da rediyon da nake ara musu, rediyon da ko batir babu a cikinsa. Na baya ba shi da taga. A nan injin buga hoto yake, da farantan magani, da jar fitila mai cin batirin mota. In ka rufe ƙofa da rani, gumi sai ya riƙa ɗiga daga haɓarka cikin faranti.

Abin da ya fi jawo mini mutane shi ne gyara. Dodon hoto, wato fim ɗin da ake buga hoto daga jikinsa, komai nasa a juye yake, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. In na feƙe fensir na ɗan shafa wa kumatun mutum a jikin dodo, sai ya fito a takarda da haske kamar ya shekara bai shiga gona ba. Na share ƙuraje, na cike giɓi, na miƙe hanci. Mutum ya karɓi hotonsa yana murmushi yana cewa wallahi shi ne sak, ni kuwa in ce masa ƙwarai kuwa.

Mahaifina bai taɓa son sana'ar ba. Tsohon magatakarda ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a ofishin hakimi, kuma a ganinsa ɗan gidanmu alƙalami ya kamata ya riƙe. Aurena ma da ƙyar ya yarda da shi, domin yarinyar 'yar fatake ce ta Ƙonni, can tsallaken iyaka, mutanen da ke lissafi da sefa da naira a baki ɗaya. Baƙa ce siririya, da zanen Gobir daga gefen baki zuwa kunne, sirara ƙwarai, sai ka matso kake ganinsu. Kuma ga abin dariya: na ɗauki rabin mutanen ƙasar nan hoto, amma ba ni da na matata. A gidanmu ba a ɗaukar mata hoto, ita kuma ko na ɗaga kyamara a ɗaki sai ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya. Ban matsa ba, don ina ganin lokaci yana nan da yawa.

Da cikinta na fari ya tsufa, gwaggonta ta zo daga Ƙonni ta tafi da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace 'yar fari. Ranar tafiya da hantsi na shigo daga shago da kyamara a wuya, na tarar da ita tsaye a bakin zaure ta ciki, rana tana bayanta. Duk wanda ya taɓa zuwa shagona ya san abin da nake fara faɗa, ka fuskanci rana. Na roƙe ta ta fito waje ko taku kaɗan ne. Ina, mace mai cikin fari ta tsaya a titi mijinta yana ɗaukarta hoto a gaban gwaggonta? Ta ja mayafi ta ce a hankali, "Bari dai, gwaggo na kallonmu." Gwaggon kuwa tana can waje tana tambayar mi muka jira, rana ta yi. Na ɗaga kyamara na danna a haka, daidai lokacin da ta kau da kai.

Ba su daɗe da tafiya ba sojoji suka rufe iyaka. Kowa a Illela ya san rufe iyaka ba ya hana jaki bin daji. Masu albasa suna wucewa, masu atamfa suna wucewa, har 'yan talla. Ni ne kaɗai na zama kamar an ɗaure ni a turke. Da farko kunya ce, domin miji ba ya zarya gidan surukai matarsa tana goyon ciki, sai a ce ba shi da ta ido. Da na ji labarin ƙafafunta sun kumbura, na ajiye kunya na je wa mahaifina da maganar zan bi 'yan babur ta bayan gari. Bai ko ɗago daga buzunsa ba. Ya ce, "Ɗan gidan ga ba shi bin hanyar ɓarayi. In anka kama ka, sunana za a kira, ba naka ba."

Na ji haushinsa a ranar, kuma ba zan ɓoye ba, har ya bar duniya haushin bai gama fita ba. Amma na zauna. Ƙonni tana nan kusa, in ka hau tudu kana hango itatuwanta, ni kuwa ina cikin ɗaki marar taga ina wanke fuskokin mutanen da ban damu da su ba. Takardar hoto ma ta yi wuya a lokacin, sai na riƙa yanka ta ƙanana. Fim ɗin da matata take ciki ban wanke shi da wuri ba, na bari sai ya cika, don ba a ɓarnar fim.

Wani mai albasa ne ya kawo labarin, ya tsaya a ƙofar shago bai ko sauke kayansa ba. Matata ta haifi mace, jini ya ƙi tsayawa, an yi jana'iza tun jiya. A wannan karon mahaifina da kansa ya kira ɗan babur. Na bi hanyar da aka hana ni, na je na tarar da tudun ƙasa da jaririya a hannun surukata.

Da na dawo na shiga ɗakin duhu na wanke fim ɗin. Na ɗaga shi a hasken ƙofa. Bakin zaure ya fito baƙi ƙirin, alamar rana ta cika. Inda fuskarta take kuwa fim ɗin garai yake kamar ruwan randa. Duk mai hoto ya san ma'anar wannan. Na buga shi duk da haka, sai ga mace tsaye cikin ƙofa mai haske, ga mayafi, ga tudun ciki, ga ƙullin kaya a gefen ƙafa, fuska kuwa baƙin dunƙule.

Na yi duk dabarar da na sani. Na rage lokacin haske, ƙofa ta wanke fes, fuska ta zama toka marar komai. Na riƙa kaɗa yatsa tsakanin fitilar inji da takarda don in tare wa fuskar haske, kamar yadda muke yi wa baƙin mutum mai farar riga. Na canza magani, na canza takarda. In na karkata dodon a rana ta wani gefe, sai in ga kamar akwai wani abu a wurin, wani ɗan dishi-dishi, amma takarda ta ƙi ɗaukarsa. Wata rana na feƙe fensir na zauna. Na san fuskar, kuma hannuna ya iya. Na daɗe riƙe da shi a kan fim ɗin kafin in mayar da shi gwangwani. Duk abin da na zana nawa ne ba nata ba, kuma zai danne ɗan abin da ya rage a ƙarƙashi.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. An buɗe iyaka, an yaye yarinyar an kawo mini ita, fuskarta sumul don mahaifina ya aika cewa kada wanzami ya taɓa ta. Hoto mai kala ya shigo, abokan sana'a suka koma Sakkwato da Kano suna kirana, na ƙi. Can injin ne ke wanke komai da kansa, ba ya barin mutum ya sa hannu, ni kuwa ina da abin da nake sa wa hannu. Duk sabuwar takardar da ta shigo gari sai na gwada ta a kan wannan dodo kafin ta ga fuskar kowa. Na sake aure, na haifi wasu, waya ta zo ta kashe sana'ar gaba ɗaya, na mayar da gaban shago wurin sayar da katin waya da ruwan sanyi. Ɗakin baya dai ban taɓa shi ba. Ɗiyata ta tashi tana tambaya wace irin fuska ce da uwarta, ni kuma ina miƙa mata takarda mai baƙin dunƙule.

Ta girma ta zama malamar kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Sakkwato. Ita ce ta lallashe ni muka kai dodon wani wuri inda na'ura ke karanta fim ta mayar da shi hoton kwamfuta. Ban sake shi ba sai da na ga inda za a ɗora shi, kuma ina tsaye aka gama. Bayan 'yan makonni ta zo Illela da murna, ta miƙo mini waya ta ce in duba abin da aka yi mata. Wata abokiyar aikinta ce ta saka hoton a irin manhajar nan ta waya mai gyara da kanta. Ga ƙofar zaurenmu, ga mayafin, ga ƙullin kayan. A cikin mayafin kuwa wata mace ce jawur mai dogon hanci da gira kamar an ja da alƙalami, kumatu sumul, tana kallona kai tsaye tana murmushi. Har ta riga ta ɗora ta a gaban wayarta.

Na ce, "Wagga ba uwarki ta ba."

Ta ce, "To wa zan kalla, Baba? Tun ina ƙarama baƙar takarda kaka nuna man."

Na yi faɗa dai, irin faɗan wanda ba shi da amsa, na ce abin da na hana fensirina yi shekara da shekaru shi ne wata na'ura marar kunya ta yi kafin a ƙifta ido. Ta bari na huce, sannan ta gaya mini akwai wata hanyar. A makarantarsu suna aiki da buɗaɗɗiyar manhaja, wadda mutane da yawa suka haɗu suka rubuta, ba ta kowa ba ce, kowa yana iya leƙa cikinta ya ga yadda take aiki. A cikinta akwai kayan gyaran hoto da ba sa motsi sai ka motsa su, ba sa ƙara abin da babu. Na ce wannan ai irin injina ne, wanda in ya lalace mai gyaran rediyo ke kwance shi. Ta ce haka ne, amma tsohuwar laftof ɗinta gilashinta ya dushe, duk duhu ɗaya yake gani. Sai mun nemi wata.

Abin da ya kai mu shagunan ke nan. Ɗiyata ta zo da ɗan filash a jaka, ƙaramin ma'ajin nan da ake sokawa a kwamfuta, wanda manhajar gaba ɗaya take ciki tare da hoton. A kowane shago sai ta nemi izini ta soka shi, ta tayar da laftof daga cikinsa ba tare da ta taɓa abin da ke kanta ba. Wasu masu shagon suka ƙi, wai za a sa musu cuta. Inda aka yarda, ita tana da nata gwajin ni ina da nawa. Ita tana duba ko laftof ɗin ta karɓi manhajar, ko tana kama intanet, ko maɓallin ƙara haske yana aiki, ko in an rufe murfi an buɗe tana farkawa. Tana duba ƙwaƙwalwar ko za ta ɗauki hoto mai nauyi ba tare da jan ƙafa ba, da batir, don ta san halin wutar Illela.

Nawa gwajin guda ne. Ta shirya mini wani zirin hoto mai hawa-hawa daga baƙi ƙirin zuwa fari, irin guntuwar takardar da nake fara gwada haske da ita a ɗakin duhu. Ni matakan ƙarshe na ɓangaren baƙi kaɗai nake kallo. In gilashi ya haɗe su ya mai da su baƙi ɗaya, sai in ce mu tafi.

Mun tafi sau da yawa. Wani saurayi ya fito mana da wata ƙatuwa mai fitilu a maɓallai, ya ce ita masu haɗa fim ke saya, Alhaji ba zai sake neman wata ba. Aka soka filash, gilashinta ya ɗauke ɗif, ɗiyata ta ce na'urar hoton da ke cikinta ba ta shiri da manhajar sai an sha wahala. Wata siririya ce mai sheƙi, kalolinta kamar rumfar atamfa, amma in hoto ya yi duhu ba ka ganin komai sai hularka da fankar shago. Wata kuma in na ɗan sunkuya baƙi ya koma toka, in na miƙe ya koma baƙi. Na tambayi mai ita ko sai an ɗaure wa mutum kai kafin ya yi aiki da ita. Bai yi dariya ba. Na fara jin irin abin da nake ji duk lokacin da sabuwar takarda ta ba ni kunya.

Wadda muka ɗauka tana can ƙasan kanta, ta hannu ce, mai kauri, baƙa, irin ta ofis, da gefe ɗaya a goge. Gilashinta ba ya sheƙi. Manhajar ta hau ta kamar dama gidansu ɗaya. Na duba zirin, sai ga matakan baƙi kowane a rarrabe, na leƙa ta hagu na leƙa ta dama ba su canza ba. Na juya ta na ga kusoshi a fili, ɗiyata ta ce ana iya kwancewa a ƙara mata ƙwaƙwalwa ko a canza batir. Mai shagon ya yi ta mamakin yadda muka tsallake sababbi. Ɗiyata ta so ta buɗe hoton a nan take, na dafe hannunta. Ba a gaban mutane ba.

Washegari da hantsi muka shiga ɗakin baya na shagona a Illela, muka rufe ƙofa. Na ture farantan da suka bushe na ɗora laftof kusa da tsohon inji. Ɗiyata ta nuna mini wani layi da ake kamawa a ja sama, duhu ya riƙa buɗewa ba tare da haske ya ƙone ba, da wani ɗan da'ira da ake yawo da shi a inda ake so kaɗai, daidai kaɗa yatsan da nake yi a da. Hannuna ya yi ta kufcewa, ta riƙa mayar da shi. Sannan ta ja baya ta bar ni.

Na ja layin a hankali. Baƙin dunƙulen ya fara zama tsaki-tsaki. Sai ga gefen kunne. Sai ga ɗan kunnen da na saya mata a kasuwar Ƙonni. Na ƙara ja kaɗan, sai ga zanen Gobir ɗin nan, sirara, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Gefen leɓen ya ɗan ɗaga, dariyar nan da take ɓoyewa. Na ci gaba da ja ina neman ido, amma daga nan sai tsaki zalla. Rana ba ta kai can ba, kuma babu laftof a duniya da za ta fito da abin da bai shiga fim ba. Ni dai na gan ta gaba ɗaya, har na ji muryar gwaggo a waje. Na juyo ina hawaye ba kunya na ce mata ga uwarki nan.

Ta matso ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni layuka kawai nika gani."

Wannan ta fi mini ciwo a kan maganar mahaifina. Sai a lokacin na gane rabin abin da nake gani ba a gilashin yake ba, a kaina yake, kuma ba ni da hanyar fito da shi in ba kowa. Na yi shekaru ina jiran abin da zai buɗe wannan ɗaki, ya zo ya buɗe, kuma har yanzu ni kaɗai ne a ciki.

Na kama yatsanta na ɗora a gilashin. Na bi da shi kan zanen ɗaya bayan ɗaya, daga baki zuwa kunne, ina gaya mata nan kumatu ya ɗan faɗa, nan ne take cizawa in tana jin kunya, ido yana nan sama kaɗan inda babu komai. Da na saki, sai ta ɗaga yatsan ta bi da shi kan nata kumatun, inda wanzami bai taɓa ba. Ta tambaye ni ko in ƙara haske zai fi fitowa, na ce a'a, daga nan duk abin da aka ƙara ƙarya ne. Ta ce to a bar shi haka, ta tura shi cikin wayarta.

Da la'asar na raka ta tasha, ta bar mini laftof ɗin. Tana tsaye a bakin mota wayar ta yi haske a hannunta, na saci kallo. Jar matar nan mai murmushi ba ta nan. Abin da ke gaban wayar baƙi ne kawai, don ƙaramin gilashi a tsakiyar rana ba ya nuna komai na irin wannan hoto, wanda bai sani ba sai ya ce a kashe take. Ta kalle shi, ta karkata shi, bai nuna ba. Sai ta ja gefen mayafinta ta lulluɓe kanta da wayar gaba ɗaya, kamar masu akwatin katako na gindin itace. Fasinjoji sun gama shiga, direba ya yi ham ya sake yi, ita kuwa tana ciki ba ta fito ba. Na je na ce masa ya ɗan ƙara haƙuri.